Tambari, Na Huɗun Masu Naushi

A Sakkwato, can zamanin da ake rufe ƙofofin ganuwa da faɗuwar rana, an yi wani mahauci a Ƙofar Kware ana ce masa Tambari. Ba shi ke kayar da sa ba, ba shi ke fiɗa ba. Rabonsa a mahauta kayan ciki ne, tumbi da hanji da huhu, ya wanke ya kasa a bakin kasuwa. Amma duk wanda ya tsuguna gabansa sayen hanji, sai ya tashi da labarin dambe wanda ya fi hanjin tsawo.

Labarin kullum ɗaya ne, na Kakar Rasa-Rumbu. Wata shekara ce tun Tambari na saurayi, gero da dawa suka yi kyau har manoma suka rasa inda za su zuba. Manomi kuwa in ya ƙoshi kallo yake nema. 'Yan dambe suka yi ta yawo ƙauye-ƙauye ana zuba musu dammunan hatsi. Malaman birni ba sa son abin, saboda haka a bayan ganuwa ake yi, su kuma malaman su yi kamar ba su ji kalangu ba. A wannan kaka aka ga naushin da ba a sake ganin irinsa ba, kuma mutum uku ne suka yi fice: Arzika Bahago, da Maigandi Gatari, da Sodangi na Ƙofar Atiku.

Wanda ya yanke cewa su uku ne, wani makaho ne makaɗin kalangu mai suna Na'Allah. Shi ba ya ganin naushi, jin sa yake yi. Yana zaune a bakin fili zai gaya maka wannan a kafaɗa ya sauka, wancan a muƙamuƙi, wancan kuma iska ya daka. Shi ya yi waƙar masu naushin kakar, kuma ƙa'idarsa ba ta canzawa: ya ambaci mai bugu, sannan ya ambaci wanda ya kashe. A dambe in ka kai mutum ƙasa to ka kashe shi ke nan, ko da ya tashi ya karkaɗe wando ya tafi gida cin tuwo.

Tambari ya ce su huɗu ne. Ya ce ranar da ya saki nasa naushin, mura ta toshe wa Na'Allah kunne. Wanda ya kashe kuwa wani baƙo ne daga Zabarma, ba wanda ya riƙe sunansa, kuma kowace shekara ƙara tsawo yake yi. Gaskiyar da duk kasuwa ta sani ita ce, Tambari ya bi 'yan damben a waccan kaka, ba shakka, amma shi ne mai kora jakan da ke ɗauko dammuna. Ba wanda ke faɗa masa, don mutum ne mai hannun gyara, in ka saurari labarin har ƙarshe sai ya ƙara maka huhu.

Sai dai abin na ci masa rai da gaske. Ya faɗi labarin har ya yarda da shi. Duk bikin mahauta in aka ɗauko waƙar, sai ka gan shi ya miƙe tsaye bayan suna na uku, ya gyara hula, yana jira. Kalangu ya yi shiru, shi kuma ya koma ya zauna yana tari.

Ana nan, wata kaka bayan an gama ɗaurin gero, labari ya zo cewa Na'Allah ya tsufa, zai tuba ya rataye kalangu ya koma ga carbi. Za a yi masa wasan bankwana a filin bayan Ƙofar Kware, ya rera waƙar karo na ƙarshe, daga nan yadda ta tsaya haka za ta zauna har abada. Tambari na jin haka sai ya tashi. Ya naɗe hanta mai kyau a ganye ya nufi gidan tsohon.

Bayan gaisuwa ya ajiye hantar kusa da hancinsa, ya ce, “Baba, kai ma ka san mu huɗu na.”

“Uku nij ji,” in ji Na'Allah.

“Mura ta tah hana ka.”

“To, ai ta sake ni. Ranar wasa ina nan bakin hili da kunnena duka biyu. Kawo naushi in ji, kawo wanda kak kashe in ji hwaɗuwa tai, in sa ka. Hanta kau na gode, amma ba ta da amo.”

Wani zai koma gida ya haƙura. Tambari ya koma gida da dabara. Tun a hanya ya zauna da kansa ya yi lissafi irin nasa. Tunda da kunne ake shari'ar nan, ashe ba ƙarfi ake nema ba, amo ake nema. Me ke ba kalangu amo? Fata. Wa ya fi mahauci sanin fata? Babu. 'Yan dambe tsumma suke naɗa wa hannu su ɗaure da igiyar da suke kira kara, to wannan aikin waɗanda ba su da tunani ne. Shi da ɗanyar fatar sa zai ɗaure, ta bushe a hannun ta zama dutse.

Saura abokin karawa. A cikin ukun nan Sodangi kaɗai ya rage da rai, ya tsufa, haƙoransa sun zube, yana zaune a ƙofar gida yana tukar igiya. Tambari ya ga babu wanda ya dace kamar shi, ga suna ga rashin ƙarfi. Ya aika masa da kira. Ɗan aiken ya dawo ya ce, Sodangi ya tambaya ko Tambari mai jakai ne, da aka ce shi ne sai ya ce ya karɓa, dama ƙashinsa na son motsi.

Matar Tambari, Zainaba, mace ce mai haƙuri da kaifin baki, ta iya haɗa su biyun ba tare da ɗaya ya hana ɗaya ba. Ita ya sa ta yi masa ɗaurin. Ya dunƙule hannun dama, ta naɗa tsumma, ya ce a shafa yumɓu da yashin gulbi don nauyi, ta shafa. Sannan ya kawo fatar da aka feɗe da safen nan, ya yanka ta siri-siri, ya ce ta yi ta naɗawa tana ja da ƙarfi. Ta ce ya tuɓe taguwa tukuna. Ya ce mace ba ta magana in shago, gwanin dambe, na ɗaure hannu. Ta ja fatar yadda ya ce. Da aka gama, hannun ya yi girman ƙaramin tulu. Wasan kuwa da sauran kwanaki, ya ce haka yake so, fata ta samu lokacin bushewa.

Tuwon rana ne ya fara kawo magana. Tambari ya wanke hannun hagu, ya dubi akushi, ya dubi tulun da ke bisa cinyarsa. Ɗan Musulmi dai ba ya cin tuwo da hagu. Ya ce a dama fura, ya kama ludayi, rabi ya tafi baki rabi ya tafi gemu. Da yunwa ta yi yunwa, ya kira Zainaba ya ce manyan shaguna dama ba su ci da hannunsu in wasa ya matso, ba su ake yi. Ta zauna tana yanko loma tana sa masa a baki. Ana cikin haka sai maƙwabciyarsu Sadiyatu, mai daddawa, ta leƙo ta bisa danga neman garwashi.

Ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce, “Barka, Zainaba. Ashe an samu ƙaruwa ba mu ji guɗa ba? Yaushe za a yaye shi?”

Kafin la'asar labarin ya kai Ƙofar Atiku ya dawo.

Sai alwala. Tambari ya tafi wurin limamin unguwa, Malam Abdulwahabu, ya durƙusa da tulunsa ya nemi fatawa. Malam ya ce shari'a ta yi sauƙi ga mai ɗauri, yana iya shafa bisa ɗaurin in akwai rauni. Ya tambaye shi wane irin ciwo ne, karaya ce ko ƙuna.

“Allah shi gahwarta Malam, ciwon ba nawa na ba. Na Sodangi na, bai iso ba tukuna.”

Malam ya shafa gemu. Ya ce ya karanta littattafai gwargwado, bai taɓa ganin inda mutum ya ɗaure hannunsa don raunin wani ba. Ya ce ya kwance. Tambari ya ce zai kwance, amma bayan wasa. Malam ya ce wane wasa, shi bai san da wani wasa ba, kuma ba ya son ya sani. A masallaci kuwa, da aka yi ruku'u tulun ya ja shi gaba, ya tunkuri na gabansa, na gaban ya tunkuri na gabansa. Ba a ce masa komai ba, amma sallar da ta biyo baya sahunsa shi kaɗai ne.

Dalili kuwa fata ta fara aikinta. Waje ya bushe, ciki ya ruɓe, yumɓu ya riƙe danshi. Da ya je kasuwa, mahauta da kansu, mutanen da suka tashi cikin warin tumbi, suka toshe hanci. Wuƙa ba ta riƙuwa da hagu, ya yi ƙoƙarin yanka hanji ya yanki gefen tabarma. Masu saye suka fara cewa naman kasuwa kwanan keso ne. Sarkin Fawa ya zo da kansa, ya tsaya nesa, ya ce Tambari ya tafi gida ya huta, shago bai kamata ya wahala ba. Tambari ya tafi yana gaya wa kowa cewa har Sarkin Fawa ya san darajarsa.

Bai tafi shi kaɗai ba. Karnukan mahauta suka raka shi har ƙofar gida suka kwanta. Ƙuda kuwa ba a magana. Washegari ungulaye suka jeru bisa ɗakinsa. Maƙwabta da suka hango su suka ɗauka sa ya yanka na sadaka, mata suka yi ta sallama da ƙorai. Zainaba ta gaji da bayani, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata maigidan zaune a rana ya ɗora hannu bisa turmi yana shanya, ta ce ga san nan, ba a kai ga rabawa ba.

Wando ma ya shiga cikin masu adawa. Mazagi ba ya ɗauruwa da hannu ɗaya, in Zainaba na wurin daka sai ya riƙe da hagu ya yi ta yawo haka. Ranar da wani dattijo ya miƙo masa hannu a hanya, ya rasa wanda zai bayar, ya saki wando ya ba da hagu, ya yi asarar duka biyun.

Rana na dukan fata, fata na tsukewa. Da fari ciwo ya yi ta sukarsa har kafaɗa, yana cije baki yana cewa ƙarfi ne ke taruwa. Daga baya ciwon ya ɗauke gaba ɗaya, daga wuyan hannu zuwa ƙasa bai san akwai wani abu nasa ba. Ya ce ƙarfin ya gama taruwa ya kwanta. Ya ƙwanƙwasa tulun da muciya, ya ji ya yi ƙwas, farin ciki ya kama shi. Ya ce bari ya gwada kaɗan. Ya tsaya gaban dangar da ke tsakaninsu da Sadiyatu, ya yi lilo da hannun gaba da baya, ya saki. Hannu ya tafi, danga ta tafi, Tambari ya bi su. Ya sauka rub da ciki a kan tabarmar da Sadiyatu ta shanya daddawa.

Sadiyatu ta fito da muciya. Ba dangar ce ta dame ta ba. Ta ce ya tashi maza kafin ya sa wa daddawarta wari, ba wanda zai saya.

Ana gobe wasa, da hantsi, Zainaba ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo ta ajiye gabansa. Ta zauna. Ba ta yi masa ba'a ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

“Maigida, tsoma shi mu kwance. Ni na san komi tun kahin a kawo ni gidan ga. Yayana na cikin waɗanda sunka ɗora ma dammuna bisa jakai. Ban taɓa hwaɗi ba, don mai jakai nis so, ba shago ba. Hannun ga da shi muka ci. In ya mutu, waƙa za mu tuƙa?”

Maganar ta shige shi. Ya dubi ruwan yana tururi, ya dubi yatsun da ba ya gani ba ya ji, idonsa ya cika. Wallahi ya so ya tsoma. Har ya tallabo tulun da hagu ya kai bakin ƙwarya. Sai ya ji motsi ta inda danga ta faɗi, ya waiga, ga Sadiyatu da wasu mata biyu sun zo gyaran tabarmar da ba ta bukatar gyara. Ya janye hannu, ya ɗaga murya ya ce wa ya ce a kawo wa shago ruwan zafi, so ake a kashe masa magani? Zainaba ta ɗauki ruwanta ta yi wanke-wanke da shi.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin bayan Ƙofar Kware ya cika. Manoma sun zo da dammuna, mahauta sun kewaye, har da wasu masu rawani da suka ce hanya ce ta biyo da su. Na'Allah na zaune bisa buzu da kalangunsa a hammata. Matasan 'yan dambe suka yi nasu suka gama, yana ji yana girgiza kai, yana cewa wannan mari ne, wancan gaisuwa ce.

Sai aka ji Tambari tafe tun ba a gan shi ba. Mutane suka dare da kansu. Ɗan dambe ba ya shiga fili da riga, taguwa kuwa ta ƙi fita ta kan tulu, sai da aka farke ta, aka bar hannun rigar yana reto a damtsensa. Karnuka na biye, aka kore su da hoge. Ƙudan ne ba a samu mai korarsu ba. Ya tsaya tsakiyar fili zai yi kirari, kirari kuwa sai an ɗaga hannu, ya kama na dama da na hagu ya ɗaga shi sama.

“Ni na Tambari, na Zainaba! Mai rusa danga da mai danga! Kashe Bazabarme ka manta sunanai! Na huɗu wanda yaf hi na hwari!”

Aka yi shewa. Shi ya ɗauka ta yabo ce.

Sodangi ya taso a hankali yana dogara sanda, ya miƙa wa wani ita ya riƙe masa. Wani tsohon tsumma ya naɗa a hannu, ko kara bai ɗaura ba. Suka tsaya yadda ake tsayawa, kowa ya sunkuya, ya miƙa hagu gaba don kariya, ya mai da dama baya. Tsohon ya kau da fuska gefe.

“Tambari, yi abin da za ka yi da sauri. Numhwashina bai da yawa, ɗan wanda yar rage kau kana ɓata min shi.”

Turmi uku ake yi a dambe. A na farko Tambari ya yi ta kewaya tsohon yana huci, hannun dama na reto a baya, ya umarce shi ya tashi, ya ƙi. Aka raba su. A na biyu ya fara lilo da shi don ya tara ƙarfi, Sodangi ya ga abin na zuwa tun daga nesa, ya matsa taki ɗaya, tulun ya wuce ya juya mai shi har ya fuskanci 'yan kallo. Da tsohon ya so, da ya taɓa masa ƙeya ya gama. Bai yi ba, ko don tausayi ko don ba ya son hannunsa ya ɗauki wari. Aka sake raba su. Na'Allah ya karkata kai ya tambayi na kusa da shi ko an fara, don shi bai ji komai ba, yana tsoron murar ce ta dawo.

Wannan magana ta kai kunnen Tambari, ta yi masa zafi. Ya hango Zainaba can bayan taro, cikin mata masu sayar da fura, ta rufe rabin fuska da zane. Turmi ɗaya ya rage, daga shi waƙa ta rufe. Ya shiga da zuciya ɗaya. Ya miƙa hagu, Sodangi ya tare da tafinsa ya riƙe yatsun. Tambari ya ci gaba da lilo, gaba, baya, gaba, baya, kowane zuwa ya fi na baya nisa, har kafaɗarsa na ƙara. Taro ya yi tsit, don ko waɗanda suka zo dariya sun ga in wannan abu ya sauka a kan tsoho za a yi jana'iza.

Daidai nan wani ƙaton koren ƙuda ya bar tulun ya sauka tsakanin idanun Tambari, ya fara wanke hannu.

To, mahaucin da ya ƙare rayuwarsa gaban tumbi ba ya shawara da kansa a kan ƙuda. Hagu na riƙe a hannun Sodangi. Hannun daman da ya ƙi jin umarni duk yini, sai ya ji na sabo. Yana kan dawowa daga baya da dukan nauyinsa, gwiwar hannu ta lanƙwashe, fatar sa da yumɓu da yashin gulbi suka taho sama gaba ɗaya.

Ƙwas ɗin da aka ji, masu tsaron ƙofa sun ce har cikin ganuwa. Ƙafafun Tambari suka bar ƙasa, ya sauka da baya, hannu a shimfiɗe. Ƙudan ya tashi lafiya lau ya koma kan tulu.

Na'Allah ya ɗaga makaɗi sama. “Ku tsaya. Wa yab buga wanga?”

Aka ce Tambari ne.

“Allahu akbar. Rabona da jin irinai tun Bahago na da rai. Ashe gaskiya yaron ga shika hwaɗi, ni niz zalunce shi. Sodangi, sannu. Ku tashe shi a hankali, tsoho na.”

“Ga ni tsaye,” in ji Sodangi. “Ko iska tai ba ta taɓa ni ba.”

“To wa anka kashe? Na ji hwaɗuwa.”

Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Can Sarkin Fawa ya yi gyaran murya ya ce Tambari ne.

“Na ji mai bugu. Wanda yah hwaɗi nika tambaya.”

“Shi na dai, Baba. Duka biyun.”

Na'Allah ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce ya yi alkawari gaban Allah, naushi ya ji shi, faɗuwa ya ji ta, ba abin da ya rage. Ya matse kalangu ya ɗauko waƙar daga farko. Ya ambaci Bahago da wanda ya kashe, ya ambaci Gatari da nasa, ya ambaci Sodangi da nasa. Inda kalangu ya saba yin shiru, wannan karon bai yi ba:

“Na huɗu Tambari mai hannun sa,
Ya kashe Tambari mai kayan ciki.”

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Sodangi ya yi dariya har sai da aka miƙo masa sandarsa. Mutum ɗaya ne a wurin bai ji ba, shi ne wanda ya yi shekaru yana tsaye yana jiran wannan baiti, yana kwance ana yayyafa masa ruwan fura.

A gida ya farfaɗo, wanzami na kan yanke fata da aska. Hannun ya fito fari fat ya yamutse, amma da aka yi ta gasawa yatsun suka motsa, Zainaba ta juya baya ta share ido. Goshinsa kuwa ya yi ƙulu kamar ƙwan zabo. Abin da ya fara tambaya shi ne ko Sodangi ya yi rai. Ta ce ya yi. Ya tambaya ko an sa shi a waƙa. Ta ce an sa. Ya rufe ido ya yi hamdala, ya ce ai ya gaya mata. Ta bar shi ya ji daɗinsa, bai daɗe ba kuwa, don Sadiyatu ta fara daka a gidanta, tana buga taɓarya tana rera baitin, ta fi jan rabin na biyu.

Da ya iya tsayuwa ya nufi gidan Na'Allah, aka ce yana zauren Malam Abdulwahabu. Ya same shi da farar hula da carbi. Ya durƙusa ya yi godiya a kan layin farko, ya ce na biyun ne yake roƙon a ɗan gyara, a sa Bazabarmen nan, tunda shi ba zai zo ya yi musu ba.

“Na tuba, Tambari,” in ji tsohon. “Kalangu na ba da shi, waƙa ta hita hannuna. Ba ni ƙari, ba ni ragi.”

Malam ya ce shi bai san wace waƙa ake magana ba. Ya ƙara da cewa, in ma akwai ta, layin na biyu ya fi daɗin amshi.

Haka Tambari ya koma bakin kasuwa da tabonsa a goshi. Mutane suka ɗauka bakinsa ya mutu. Ranar da ya fara kasa kaya, wani manomi ya tsuguna sayen tumbi, ya kasa daurewa, ya tambaye shi yaya jiki, yaya kuma waƙa.

Tambari ya gyara hula. “Bahago sau guda anka ambace shi. Gatari sau guda. Sodangi sau guda. Ƙirga nawa ka gani. Kuma duk ƙasar ga mutum guda na yat taɓa kai ni ƙasa, kun ga ko wane na. Da Sodangi yas sha wanga naushi, da yanzu muna zaman makoki. Ni kaɗai ka iya ɗaukar hannuna.”

Yana cikin faɗa sai wani ƙuda ya bar tumbi ya sauka bisa tabon. Hannun dama ya taso. Tambari ya bi shi da ido, ya kama shi da na hagu, ya mai da shi bisa cinya a hankali. Ya miƙa wa manomin goshi.

“Don Allah, ɗan'uwa, kore min wanga, in ƙara ma huhu.”